Masu Gonakin Fim: Gaske Ne Ko Gishiri?

Tambaya: Malam, a wasannin Indiya da Pakistan, attajirin ƙauye ke juya gonaki, talakawa, har 'yan sanda. Haka abin yake?
Wata mai karatu, Talata Mafara

Amsa: Malama, akwai gishiri, amma ba ƙarya ba ce. Zamindar, wato babban mai gonaki, shi ke tara wa Turawan mulkin mallaka harajin ƙasa; Indiya ta soke tsarin a shekarun 1950. A Sindh ta Pakistan kuwa, har gobe manomi na noma a raba amfani, bashi ya ɗaure shi har 'ya'yansa. Haushina ɗaya da finafinan nan: da ɗan mai gona ya ƙyalla ido kan 'yar talaka, shikenan, an manta da bashin! Mu nan Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa hannun gwamna. Tambayi dattawan garinku yadda manoman yankin madatsar ruwa ta Bakolori suka ƙare da 'yan sanda kan gonakinsu a 1980.