Tambaya da Amsa: Wahalar yarinta tana zama ciwo in an girma?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake, 'ya'yan ƙanina biyu na hannuna tun da muka gudo daga garin Madani saboda yaƙi a Disamban 2023, uban Allah ya masa rasuwa. Namijin shekararsa 8 amma ya koma fitsarin kwance, ko raksha (keke napep) ce ta yi ƙara sai ya shige ƙarƙashin gado. Wata ta ce min wai irin yaran nan in sun girma hawan jini da suga ke kama su, da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙansa, ke kuma ya ba ki ladan riƙo.

Maganar tana da tushe gaskiya. Daga 1995 zuwa 1997 a San Diyego ta Amurka, likitoci biyu Vincent Felitti da Robert Anda sun tambayi manya sama da 17,000 abin da suka taso a ciki, duka ne, zagi ne, uba na jibgar uwa, mashayi a gida, sai suka ga wanda ya haɗa irin waɗannan huɗu ko fiye haɗarin ciwon zuciyarsa ya ninka kamar sau biyu. Ba su lissafa yaƙi ba, amma jiki ba ruwansa da inda tsoro ya fito. In yaro ya firgita jikinsa na sakin sinadaran adrenalin da kotizol, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, suga ya hau, to in abin ya ƙi lafawa shekara da shekaru jijiyoyin jini ne ke shan wahalar, ga rashin barci, wani ma ya girma ya kama sigari ko tumbak (tabar da ake sawa a baki) don ya samu sa'ida.

Sai dai haɗari aka ce, ba a ce dole ba, kuma babban abin da ke kare yaro shi ne babba guda ɗaya da ya tabbata ba zai gudu ya bar shi ba. Don Allah kar a dake shi kan fitsarin nan, kar a bari yara su yi masa waƙa (mu Hausawa mun iya wannan tsiyar). Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ki rage masa shayin dare, lokacin ci da na kwanciya ya zama ɗaya kullum, a daina kallon bidiyon yaƙi a waya yana wurin. Ki kai shi asibiti a gwada fitsarin, wani lokacin ciwon mafitsara ne ko tsargiya. Ɗayar ma ki sa mata ido ko da ba ta nuna komai.