Amsoshin tambayoyinku: ceto, bangaskiya da tuban muzuru

Jama'a sannunku da sanyin Jos. Tambayoyin da suka shigo wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka nufa, maganar ceto, shi yasa na haɗa su. Ni dai aikina harshe ne, ba fasto ba ne, amma ni mai bi ne, wato mai bin Yesu, kuma maganar nan ta shafe ni kamar yadda ta shafi kowa, don haka inda kalma ta kai mu ga koyarwa zan faɗi abin da na fahimta.

Ta farko daga wata mama ce 'yar zumuntar matan coci a Tudun Wada. Ta ce: "Malam, a sujada wani mai wa'azi yakan ce ceto, wani ya ce tsira, wani kuma fansa. Duk abu ɗaya ne ko da bambanci?"

Mama ina gaisuwa. Akwai bambanci, kuma bakinki ya riga ya san shi ko da ba ki taɓa zama kin lura ba. Tsira, mutum yakan ce "na tsira", shi ke nan magana ta cika, ba a tambayi wa ya yi aikin ba. Mota ta faɗi a hanyar Akwanga, direba ya tsira da ransa. Wanda ambaliya ta koro ya hau tudun mun tsira. Amma ceto kullum da mutum biyu a ciki, mai ceto da wanda aka ceta. "Ya cece ni", "an ceto su", "ku cece mu". Yaro ya faɗa ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru ko Rayfield, waɗanda ruwa ya cika, ba mai cewa yaron ya yi ceto, wanda ya shiga ya fiddo shi ne ya yi. E, ana iya cewa mutum ya ceci kansa, Hausa ba ta hana ba, kuma abin da masu ba'a suka faɗa wa Yesu kenan a kan gicciye cikin Luka sura 23, wai ya ceci waɗansu, to ya ceci kansa mana. Amma asalin nauyin kalmar yana kan hannun da ya zo daga waje.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da kalmar nan, su a wurinsu in an ce ceto a maganar lahira galibi ana nufin roƙon da ake yi wa wani a gaban Allah ranar hisabi, wato shafa'a. Shi yasa wani lokaci Kirista da Musulmi za su yi ta hira a kasuwar Terminus kowa na cewa ceto amma kowa da abin da ke ransa. Yana da kyau a san wannan, yana rage gardamar banza.

Fansa kuwa maganar biya ce. A zamanin bauta bawa yana iya fansar kansa, ko danginsa su tara dukiya su fanshe shi daga hannun ubangidansa. Yau kuma ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin kuɗin fansa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. To ita ce kalmar da ke Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, Bitrus kuma a wasiƙarsa ta fari 1:18-19 ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Abin da ke ba ni tsoro da kalmar nan shine ita ɗin ce dai a cikin "ɗaukar fansa", wato ramuwa, kuma mu mutanen garin nan mun san abin da ɗaukar fansa ya jawo mana tun rikicin 2001. Mai bi da ya ce an fanshe shi, ya kamata ya yi tunani sosai kafin ya sa wancan ma'anar a bakinsa.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi cin lokacina. Wani ɗalibi da ke karatun tauhidi a Bukuru ya rubuto: "Malam, Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wannan bai saɓa wa koyarwar cewa ceto ta wurin alheri ne ba?"

Ɗana, da farko "tashi in taimake ka" ba aya ba ce, duk da na sha jin an kawo ta a bagadi kamar daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko. Maganar mutane ce, kuma magana ce mai kyau a wurinta. Karin magana kowanne da filin da yake aiki. Na zomo an yi shi ne don malalaci, wanda damina ta faɗi yana kwance yana jiran dankali ya shuka kansa. A noma, a karatu, a neman abinci, gaskiya ne ɗari bisa ɗari, Bulus ma ya gaya wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Amma in ka ɗauko shi ka kai maganar ceto ka kai shi gonar da ba tasa ba. Wanda ya dace da wurin shine: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wanda ruwa ke ci ba shi da wani ƙoƙari da ya rage, abin da ya rage masa kawai ya kama abin da aka miƙo.

Duba kalmomi biyu a Romawa 6:23, hakki da kyauta. Hakki abin da ka yi wa gumi ne, lebura a kasuwar Farin Gada ya sauke buhunan kabeji ya miƙa hannu, ba roƙo yake ba, hakkinsa ne, in ka hana shi ka ci zali. Kyauta ba a bin bashinta. Ayar ta sa mutuwa a gefen hakki, ta sa rai madawwami a gefen kyauta. Afisawa 2:8-9 ma haka, ta wurin alheri, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba don kada kowa ya yi fahariya. Ita kalmar alheri daga Larabci muka aro ta, al-khair, kuma a Hausar yau da kullum in aka ce wane ya yi mini alheri ana nufin ya ba ni abin da ba na bin sa. In ina bin sa, biya ya yi.

To sai me ake nema a wurin mutum? Wannan tambayar ce mai tsaron kurkuku na Filibi ya yi wa Bulus da Sila da tsakar dare bayan girgizar ƙasa, Ayyukan Manzanni 16:30, me zan yi in sami ceto. Amsar da aka ba shi gajeriya ce, ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu. A nan ne nake so ka tsaya ka kalli kalmar bangaskiya da kyau, don mun saba da ita har mun daina jin abin da ke cikinta. "Ban" ɗin nan shine na ban kwana, ban ruwa, ban hannu, ban girma, wato bayarwa. Bangaskiya ba da gaskiya ce, ka ɗauki yardarka ka damƙa wa wani. Tana da bambanci da gaskatawa kawai. Zan iya gaskata cewa wane likita ne, na ga takardunsa, amma ban ba da gaskiya gare shi ba sai ranar da na kwanta na bari ya sa mini wuƙa. Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne har suna rawar jiki, kaga su sun gaskata amma ba su ba da komai ba. Masu fassarar da suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, su Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa har da Hausawan da suka zauna da su, suna da kalmar imani a gabansu, amma bangaskiya ce ta zauna a bakin ikilisiya har yau, kuma a ganina an dace ƙwarai.

Saboda haka ni ban ga faɗa tsakanin Bulus da Yakubu ba, ko da yake Yakubu ya ce bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce. Karanta Afisawa 2 ɗin ka ƙara aya ɗaya, ta 10, za ka ga shi Bulus ɗin da kansa ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Aiki fuskar bangaskiya ne, ba kuɗin sayenta ba. Na san malamanku za su kai ku tarihin gardamar nan, Martin Luther da ya ƙalubalanci koyarwar Katolika a 1517, taron Trent da Katolika suka yi daga 1545 zuwa 1563, har zuwa 1999 da Katolika da Lutheran suka sa hannu a takarda ɗaya a Augsburg ta Jamus cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke sabunta zuciya ya kira mutum ga ayyuka nagari. Akwai sauran bambanci tsakaninsu har yanzu, amma ka riƙe wannan kafin ka fita wa'azi ka fara zagin cocin wasu.

Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kai ba, masu cewa sai ka shuka iri na naira kaza kafin ƙofar sama ta buɗe maka. Baiko da zakka suna da wurinsu, godiya ce. Amma Siman mai sihiri da ya kawo kuɗi zai sayi kyautar Allah a Ayyukan Manzanni sura 8, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Gwauruwa da ke sayar da gwate ba ta da bashin ko kwabo a kan cetonta.

Ta uku, wani ɗan'uwa daga Angwan Rukuba: "Mene ne tuban muzuru? Kuma gaskiya ne kowa ya tuba don wuya ba lada?"

Cikon maganar shine tuban muzuru, kaza a baki. An kama shi yana cewa na tuba na tuba amma bai saki kazar ba. Tuba ma aro ce daga Larabci, tauba, tushenta komowa. Ɗan nan na Luka 15 da ya cinye rabon gadonsa bai tsaya a baƙin ciki cikin aladu ba, ya tashi ya kama hanyar gida. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 kuwa ya saki kazar a gaban jama'a, rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu, a ranar Yesu ya ce ceto ya zo gidan nan. Don haka tuba da bangaskiya ba sharuɗɗa biyu ba ne da za a jera kamar takardun neman aiki, juyawa ɗaya ce, ka bar can ka fuskanci nan. Bitrus ma ranar Fentikos da aka tambaye shi me za mu yi, da tuba ya fara.

Na biyun kuma, kowa ya tuba don wuya ba lada, tsakanin mutane akwai hikima a ciki, ɓarawon da sai da ya ji sanda ya ce ya daina ba a saurin ba shi ajiya. Amma ɗan'uwa kar ka ɗauke shi ka rufe wa wani ƙofa. Yunwa ce ta koro ɗan nan gida, wuya ce tsagwaronta, uban kuma ya ruga ya tarye shi. Ɓarawon da ke kan gicciye kusa da Yesu, wace wuya ta fi tasa? Ya amsa laifinsa, ya roƙa a tuna da shi, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Wuya na iya zama abin da ya farkar da mutum. Abin dubawa kawai ko ya saki kazar. Kuma ka lura karin maganar lada take magana a kai, mu kuma mun riga mun ce wannan ba lada ba ce, kyauta ce.

Ta ƙarshe gajeriya ce, wata ƙanwa daga Jenta ta ce ta karɓi Yesu amma ba a yi mata baftisma ba tukuna, wai wata ta ce mata in ta mutu yanzu ta hallaka.

Ƙanwata kwantar da hankalinki. Kalmar baftisma daga Helenanci take, tsomawa ko wankewa cikin ruwa. Ikilisiyoyi sun bambanta a kanta kuma gara ki ji gaskiya: ECWA da Baptist suna yi wa wanda ya girma ya furta bangaskiyarsa ta hanyar nitsarwa, Katolika da Anglican da Lutheran suna yi wa jarirai ma, Katolika kuma suna koyar da cewa baftisma wajibi ce, amma su ma sun ce wanda ya mutu yana marmarinta yana shiri bai samu ba, marmarin nan ya isar masa. Markus 16:16 ya haɗa bangaskiya da baftisma a maganar ceto, amma da ya zo kan hukunci rashin bangaskiya kaɗai ya ambata. Saboda haka wadda ta tsorata ki ta wuce gona da iri. Sai dai ke ma kar ki mai da wannan dalilin jan ƙafa, umarnin Ubangiji ne, mai tsaron kurkukun nan na Filibi a daren nan aka yi masa shi da iyalinsa. Ki sami fastonku ko matar fasto ranar Lahadi ki ce a sa sunanki a ajin baftisma, in kunya kike ji ki tafi da wata mama daga zumunta ta raka ki.

Wanda ya yi tambaya kan kalmar barata da ke cikin tsohuwar fassara, da bambancinta da tsarkakewa, ya yi haƙuri sai karo na gaba, wannan tana son fili nata.