Da me zan fara zane a tafiyata ta Agadas?

Ɗan'uwa, ka ce za ka Agadas da fensir da littafin zane, kana tambaya ko ka fara da fuskokin mutane ko da gine-gine. Fara da abin da ba ya motsi. Hasumiyar babban masallacin garin ta ishe ka makaranta: ginin ƙasa ce, tsayinta wajen mita 27, mai faɗi daga gindi tana tsukewa har sama, ga itatuwa sun leƙo ta kowane gefe. Miƙe hannu ka auna ta da fensirinka, ka ja layukan gefe tukuna, itatuwan su biyo baya.

Amma kada ka zauna mata da tsakar rana. Na gwada, zanen ya fito a shafe, ba tudu ba kwari. Je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da gefe ɗaya ke shan haske ɗayan na cikin inuwa, ka riƙi fensir mai laushi irin 2B. In zafi ya kore ka, zauna wurin mai shayi ka zana 'yar butar nan da ke kan garwashi da ƙananan kofunansa. Shi kansa kuwa, nemi izininsa kafin ka zana shi.