Mai wayarin ɗin gida zai iya gyaran wutar jirgin yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Kurna ne, shekarata 21. Na yi ƙaramar difloma a fannin lantarki, kuma shekara uku ke nan ina bin maigidana muna wayarin ɗin gidaje da haɗa sola. Tun ina yaro nake kallon ƙananan jiragen sojoji suna wucewa ta saman unguwarmu, ina sha'awar in shiga sojan sama in zama mai gyaran wutarsu. Mene ne ainihin aikin, kuma ta ina ake shiga? Wani ya ce in kawo kuɗi ya samo mini gurbi. Mahaifiyata kuma tana tsoron kada a kai ni daji.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara sallamar mai neman kuɗin nan. Kada ka ba shi ko sisi. Rundunar Sojojin Saman Najeriya kyauta take ɗaukar mutane, a shafinta na intanet ake cike fom, kuma duk sanarwar da ta fitar sai ta maimaita haka. Wanda ya ce yana da hanya, hanyar aljihunka ya gano.

Jiragen da kake gani kuwa, galibi L-39 ne, ƙirar tsohuwar ƙasar Cakoslobakiya, na makarantar koyon tuƙi ta 403 da ke nan Kano, wadda ke amfani da titin sauka ɗaya da filin jirgin Malam Aminu Kano. A kansu matuƙa ke koyon jirgin yaƙi bayan sun gama da ƙananan jirage masu farfela a Kaduna. Na yi shekaru ina shiga ƙarƙashin irinsu da tocila a baki, saboda haka abin da zan gaya maka daga nan ya fito.

Wutar jirgi ba irin ta gida ba ce. A gida kana aiki da bolt 230 mai kai-komo sau 50 a sakan. Jirgi kuwa yawanci wuta biyu yake ɗauke da su: DC, wato wutar da ke tafiya hanya ɗaya irin ta batir, mai bolt 28, da AC mai bolt 115 wadda ke kai-komo sau 400 a sakan. Dalilin 400 ɗin nan nauyi ne. Gwargwadon saurin kai-komon wuta, gwargwadon ƙanƙantar taransifoma da injinan lantarkin da za su yi aiki da ita, a sama kuwa kowane kilo lissafi ne. Injin jirgi shi ke juya janareta, janareta ta zuba wuta a babban layi, daga nan a rarraba wa famfunan mai, fitilu, rediyo, agogunan gaban matuƙi, na'urar gano gobara da layukan makamai. Akwai inbata mai mayar da DC zuwa AC, wannan kam ka san ta daga sola, akwai kuma mai yin akasin haka. Idan babbar janareta ta mutu a sama, L-39 yana da wata 'yar farfela da ke fitowa daga cikinsa, iska ta juya ta, ta ba da wutar da za ta kai matuƙi gida. Duk wannan, har da batir da keken wutar da ake jona wa jirgi a ƙasa kafin a tayar da shi, yana wuyan mai wuta.

Ba kai kaɗai ke da jirgin ba. Akwai masu gangar jiki, masu inji, masu rediyo da rada, da masu makamai. Amma kusan kowa a cikinsu wayarka ce ke kai masa abinci, shi ya sa da zarar wata fitila ta kama a gaban matuƙi, mai wuta ake fara ƙwala wa kira ko da laifin ba nasa ba ne.

Ranar aiki da duhun asuba take farawa idan akwai tashin safe. Za ku jeru kafaɗa da kafaɗa ku taka filin ajiye jirage, ido a ƙasa, kuna tsince tsakuwa, ƙusa, guntun waya, domin injin jet yana zuƙar duk abin da ya samu, kuma noti ɗaya ya isa ya lalata shi. Daga nan ka jona keken wuta, ka duba ƙarfin batir, ka gwada fitilun gargaɗi, ka bi 'yan maɓallan da ke tsayawa a matsayin fis ka tabbatar babu wanda ya yi tsalle. Jirgi ya tashi ya dawo, ka sake dubawa. Abin da matuƙi ya rubuta na ƙorafi a littafin jirgin, naka ne har sai ka warware shi. Bayan wannan akwai binciken da ake yi bisa yawan awannin tashi ko bisa kalanda, inda ake shigar da jirgi rumfa a buɗe shi a bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin nan ne masu irin hannunka suke tuntuɓe. Shekara ukun da ka yi a wayarin za su taimake ka wajen riƙe mita da karanta zane. Amma sun koya maka wata ɗabi'a da sai an kankare ta: dabara. A gari, gwani shi ne wanda idan babu abin da ya dace zai ƙirƙiro. Waya ta gaza, a murɗa wata a naɗe da baƙin salatif. Fis ya ƙone, a sa silin waya a lallaɓa zuwa gobe. A jirgi wannan gwanintar laifi ce. Kowace waya tana da lambarta a buge a jikinta, da kaurinta, da hanyar da za ta bi, da tazarar da za a ɗaure ta. Kan waya da filayarsa ta musamman ake matse shi, filayar ma tana da ranar da ake kai ta awo. Littafin masu ƙera jirgin yana buɗe a gefenka ko da ka haddace shi kamar karatun allo.

Ni ma na sha wannan darasin da zafinsa. Ina sabon shiga, na tarar wani maɓallin fis ya yi tsalle, na sa yatsa na mayar da shi, ya zauna, na ci gaba da harkata ina jin na yi abin kai. Wani tsohon saje yana tsaye bayana ban sani ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Me ya fitar da shi?" Na ce ban sani ba, amma ai ya koma. Ya ce to in je in ɗauko zane, ba ni ba abincin rana sai na gaya masa abin da ya fitar da shi. Sai bayan la'asar muka samu wurin: wata waya ce rigarta ta goge a bakin ƙarfe, tabon bai kai ƙwayar gero ba, kuma ba ta da nisa da bututun mai.

Irin wannan ciwon shi ne mafi wahala a sana'ar, wanda ke zuwa ya tafi. Matuƙi ya sauko ya ce fitilar janareta ta kama masa lokacin da ya karkata jirgi da ƙarfi. Ka jona wuta a ƙasa, komai lafiya lau kamar bai taɓa ciwo ba. Girgiza ce da nauyin juyi da canjin zafi suke buɗe laifin a sama, a ƙasa ya rufe bakinsa. Rago sai ya rubuta cewa an duba ba a ga komai ba. Mai sana'a kuwa zai zauna da matuƙin ya yi masa tambayoyi kamar likita: a wane tsayi, a wane gudu, me ka kunna kafin nan. Sannan ya bi layin daga soket zuwa soket, wani yana jijjiga damin wayoyi shi kuma idonsa na kan mita. Wani lokaci kwana uku ake yi, a ƙarshe a tarar fil ɗaya ne a cikin soket mai fil hamsin ya ɗan ja baya.

Idan ka gama sai ka sa hannu a littafin jirgi, wanda ya fi ka muƙami ya duba ya sa nasa. Sa hannun nan ba ado ba ne. Matuƙi ba zai buɗe cikin jirgi ya ga abin da ka yi ba, sunanka zai gani ya hau. Idan wani abu ya faru, littafin ake fara ɗaukewa. Haka ma akwatin kayan aiki, kowane sifana da sukundireba yana da gurbinsa, ana ƙirgawa kafin aiki da bayansa. Ɗaya ya ɓace, babu jirgin da zai tashi, babu kuma mai tafiya gida sai an gan shi.

Kano tana ƙara nata. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, jikin jirgin da ya wuni a rana ba ya taɓuwa da hannu, batir kuma ba ya son haka. Jiragen soja da yawa batirin nikel da kadmiyom suke amfani da shi, wanda idan ya yi zafi ana cikin caji yakan ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya kai ga narkewa. Ruwan cikinsa kuma ba asid ba ne irin na batirin mota, kishiyarsa ne, don haka ɗakinsu daban, kayan aikinsu daban, ba a haɗa su ko da wasa. Da hunturu kuma ƙura ke shiga soket, ga bushewar iska. Tartsatsin nan da kake ji idan ka cire rigar sanyi da dare, shi ne dai, amma a gefen tankar man jirgi. Shi ya sa kafin a sha mai sai an ɗaure jirgi da tankar da waya, an kuma haɗa su da ƙasa.

Maganar shiga, ƙofa uku ce. Ta farko ita ce ta ƙananan sojoji, inda ake ɗaukar masu takardar sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da kuma masu sana'a irinka da ke da difloma ko shaidar makarantar koyon sana'a. Waɗanda suka tsallake jarrabawa da gwajin lafiya sai a kai su Kaduna horon soja na kimanin wata shida. Ta biyu ta masu digiri ko babbar difloma ce da suka yi hidimar ƙasa, su suna fitowa ne a matsayin hafsoshi. Ta uku NDA ce, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna. Ka san bambancin tun yanzu: hafsan injiniya tsara aiki da sa ido da amsa tambayar manya ne rabonsa, wanda ke riƙe da mita a ƙarƙashin fuffuke kuwa kofur ne da saje. A shekarunka da takardarka ƙofar farko ce a buɗe, kuma kada ka yi nawa, domin akwai iyakar shekaru. Ka karanta sharuɗɗan sanarwar shekarar da kanka, kada ka dogara da abin da aka faɗa a majalisa.

Abu biyu da ba a cika gaya wa yara ba. Na ɗaya, je ka a gwada idonka a kan launuka kafin ka sa rai. Akwai masu gani garau amma ba sa raba ja da kore sosai, ba su ma sani ba sai ranar gwaji, wannan sana'ar kuwa ba ta ɗaukar haka. Na biyu, kai za ka nuna abin da kake so, rundunar ce za ta yanke inda za ta sa ka. Diflomarka za ta yi maka magana, amma ba alkawari ba ce. Idan an ba ka fannin, karatun sana'ar yana tafiya mataki-mataki, yawancinsa a Kaduna, inda Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama take, wadda aka fi sani da AFIT. Bayan haka kowane jirgi da nasa kwas. Wanda ya ƙware a L-39 ɗalibi ne a gaban Super Tucano guda 12 da aka kawo daga Amurka a 2021, ko JF-17 na Pakistan, ko jirage masu saukar ungulu ƙirar Rasha. Turancinka ma ka gyara shi, domin littattafan da shi suke zuwa, kuma kuskuren fahimtar jimla ɗaya daidai yake da kuskuren waya.

Ga Hajiya kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Mai gyaran jirgi soja ne kafin ya zama mai wuta. Yana riƙe bindiga, yana gadi, kuma inda jirgi ya je nan yake binsa: Maiduguri, Yola, Katsina, Kainji, Makurɗi. Yawanci a cikin sansani yake aiki, ba shi ke kutsawa daji ba, wannan gaskiya ne. Amma a Disambar 2013 'yan Boko Haram sun kai hari sansanin sojojin sama na Maiduguri har suka ƙona jirage, saboda haka sansani ma ba ɗakin uwa ba ne. Kuma kada ka ɗauka don kai ɗan Kano ne za a bar ka a Kano. Ka zaunar da ita ka gaya mata wannan yadda yake, ka nemi albarkarta a kan gaskiya.

Bayan ritaya sana'ar ba ta mutuwa, sai dai akwai wani tsani da da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi da wuri ba. Shekarunka a soja ba sa ba ka izinin sa hannu a jirgin fasinja. Wannan sai da lasin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, kuma jarrabawa ake zaunawa. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana koyar da wannan layin, farar hula ma na shiga, don haka ko sojan bai yiwu ba akwai wannan hanyar. Na san abokan aiki da suka fita da gwaninta a hannu amma babu takardar da ke nuna jiragen da suka taɓa, suka dawo suna yi wa yaran da suka haifa ƙaramin ma'aikaci. Tun ranar farko ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aiki da ka yi, irin jirgin da kwanan wata, shugabanka yana sa maka hannu.

Kafin sanarwa ta fito, ka ci gaba da bin maigidanka, ka riƙa gudu da safe ko daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo ne. Sannan daga gobe, duk gidan da kuka je aka ce fis yana yawan ƙonewa, kada ka canza shi sai ka gano abin da ke ƙona shi, ko da maigidan zai yi ƙorafin ka cika ɓata lokaci.