Furfura ta leƙo: amsa ga ɗiyata ta Yamai

Assalamu alaikum ɗiyata. Ina gajiya, ina aiki? Yaya maigidan da yaran? Mu nan Tahoua lafiya lau, sai hunturu da ya fara tsaga mana dunduniya.

Saƙonki ya shigo salula ranar Lahadi ina tsakiyar kasuwa, sai da dare na zauna na saurare shi da kyau. Kin ce makitsiyarki ta tsaya ana cikin kitso ta ce, "Madam, baƙi sun sauka," ta nuna miki fararen gashi a gefen kunne, alhali shekararki 38. Abokan aikinki sun ce ki sayo kwalin rini, surukarki kuwa ta ce macen kirki ba ta rina kai, ba al'adarmu ba ce. Shi ne kike so gwaggonki ta raba gardama.

Surukarki babba ce, kada ki je ki ce mata ni na ce, amma ba haka na tarar ba. Kakarki, Allah ya jiƙanta, ban taɓa ganin kanta babu launi ba sai da ta kwanta ciwon ajali. Ranar kitso a gidanmu na Bilbis, tun da hantsi ake shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Ga ƙoƙon man shanu, ga dunƙulen shuni a tsumma. Makitsiya ta gutsiri shunin ta murje shi cikin man da ɗan yatsa, duk layin da ta tsaga sai ta bi shi da shi kafin ta kama. In aka gama doka, kan nan baƙi ne mai ɗaukar ido, yana walƙiya shuɗi-shuɗi cikin rana. Yatsun makitsiyar sai su kwana uku ba su wanke ba, bakin kallabi da matashin kai duk sun rine. Wa zai ce ga furfura a ciki? Mu da muke zaune da Buzaye ma mun san turkuɗi, wanda ake saye da tsada don dai ya bar shuɗinsa a fata. Lalle a ƙafa, tozali a ido, fure da goro a haƙori, shuni a kai. Ba wanda ya kira wannan ɓoye tsufa, sunansa ado, kuma budurwa da tsohuwa duk suna yi.

Abin da ake yi wa dariya daban ne. Macen da jikokinta suka yi wayo, amma in an zo biki ba ta zama wurin manya, sai ta kutsa cikin ƴan mata tana rage shekaru, ita ake ce wa mai budurwar zuciya. Ko kanta fari ne fat za a faɗa mata haka. Ina jin abin da surukarki take ƙyama ke nan, ta dai ɗora laifin a kan kwali.

Ta wajen addini kuwa, abin da muka karanta a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, tun muna zuwa makarantar dare shi ne: rina gashi da baƙi makaruhi ne, bai kai haramun ba, lalle da katam kuwa babu laifi. Katam wani tsiro ne na ƙasar Larabawa da ake haɗawa da lalle don launin ya yi duhu. Tushen maganar baƙin, ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an kawo wa Annabi (SAW) Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari sol, sai ya ce a canza shi da wani abu amma a nisanci baƙi. Akwai malaman da suka tsananta suka ce haramun ne, za ki ji su a rediyo. Imamu Malik dai ya ce wasu launukan sun fi soyuwa gare shi a kan baƙi, wanda ya bar rinin gaba ɗaya kuma babu ƙunci a kansa. Abu uku ne ban ji an yi sassauci a kansu ba. Kada a tsige furfura, don an ce haske ce ga Musulmi ranar Ƙiyama. Kada bazawara ta rina don ta rufe wa mai nemanta shekarunta, wannan ha'inci ne. Mai takaba kuma ba ta lalle sai ta cika wata huɗu da kwana goma.

Af, maganar tsigewa. Cewa da ake yi in kin tsige ɗaya goma za su fito, tatsuniya ce. Kowane rami gashi ɗaya yake fitarwa. Abin da ke ba gashi baƙinsa a can gindin ramin ake yin sa, in ya ƙare ya ƙare, wanda zai sake tsirowa ma fari ne. Yawan tsigar dai yana iya kashe ramin ki wayi gari da sanƙo a gefen kunne. Kuma ki daina cewa wahalar aiki ce ta jawo miki. Taku ta gado ce. Babanki bai kai 35 ba ƴan unguwa suka fara ce masa tsoho.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa uwarki ba.

A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, marigayi maigidana ya ce zai ƙara aure. Ina da 41, furfura ta kama mini goshi. Na yi masa fatan alheri da baki, na aiki wata ta sayo mini kwalin baƙin rini a ɓoye. Karon farko lafiya lau, har na tsaya gaban madubi ina yi wa kaina murmushi. Bayan sati huɗu gindin gashin ya fito fari kamar an ja layi da alli, saura kwana biyu a kawo amarya, sai na ƙara. Da dare kai ya fara ƙaiƙayi. Washegari bayan kunnuwana na tsatsar ruwa. Ranar da aka kawo ta, goshina ya kumbura ya sauko kan idanu, da ƙyar nake gani ta ɗan tsagi. Haka na zauna tsakar ɗaki da sabon zane, mata na shigowa gaisuwa suna fita suna cewa, "Wayyo, uwargida ta kwana kuka har ido ya rufe." Ni da na yi don kada a ce na damu! A asibiti aka ce mini wani sinadari ne da ke cikin baƙin rini, ana ce masa PPD. Jiki yana iya karɓarsa yau, gobe ya yi masa tawaye, in kuma ya fara ƙinsa ya ƙi shi ke nan har abada. Shi ne dai ake zubawa cikin baƙin lallen zane da ƴan matanku ke yi a hannu, don lalle na gaskiya ba ya baƙi wuluk cikin rabin awa. Amaryar nan ita ta riƙa dama mini fura kwana biyar. Yanzu shekararmu 30 da ɗoriya tare, kanta ya fi nawa fari.

Don haka tambayar da zan yi miki, wadda ba ki faɗa ba a saƙon amma na ji ta a muryarki: maigidan ya yi wata magana ne? In tsoron kishiya ne, ɗiyata, rini bai taɓa tsare ƙofa ba. Namijin da ya yi niyya zai yi ko kanki ya fi gawayi baƙi. Ki duba ma, mu nan ba kamar matan Faransa ba ne da ke yawo kai a buɗe. Ke da ɗankwali kike fita, ki ɗora mayafi. Mutum nawa ke ganin gashinki? Mijinki, makitsiyarki, ƴaƴanki. Dukansu sun san shekarunki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In kuwa don kanki ne, kin kalli madubi kin ji ba ki shirya ba tukuna, to ki yi, ba ki saɓa wa kowa ba. Ki yi lalle. Ki tankaɗe shi sosai, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ya ɗan kwanta, ki shafa bayan kin yi tsifa, ki ɗaure da leda awa uku ko huɗu. Sai dai ki sani, a kan farin gashi ja yake kamawa, ja irin na gemun alhazai. In ba ki son hakan, bayan kin wanke sai ki bi shi da garin ganyen baba, shi ne uwar shuni, zai koma duhu. Launi ne kawai yake bari, ba ya hana ruwan alwala ko na wanka isa ga gashi. In kin nace sai na kwali, ki ɗan ɗiga a bayan kunne ki jira awa 48 ki gani, kowane karo, kuma kada ki haɗa shi rana ɗaya da man miƙar da gashi, zai kakkarye. Ki kuma san kin ci bashi: gashi na tsiro kusan santimita ɗaya a wata, duk wata sai mai bashi ya ƙwanƙwasa.

Ni tun daga ranar da goshina ya kumbura ban sake rini ba, kuma na ci ribar abin. Mu Adarawa hurhura muke cewa, kuma tana da aiki. Bara da faɗan ƙanwarki da mijinta ya kai har ta kwashe kaya, maza sun zauna sau biyu ba su gyara ba. Na je na zauna gaban yaron nan, na zame kallabina baya na ce, "Ka dubi wannan, ka je ka ɗauko matarka." Bai ɗaga ido ba, kafin la'asar ya tafi biko. Ke dai ba ki kai nan ba, guda bakwai ko takwas ne a gefen kunne, ba su isa su sasanta ko faɗan yara ba.

Zan ba direban motar Yamai ƙullin lalle ranar Alhamis, na lambun maƙwabciyata ne, ni na daka da hannuna. Akwai cuku da albasar Galmi a cikin buhun, ki ɗibar wa surukarki ki ce ina gaishe ta. Ki aiko yaro tasha da wuri.

Gwaggonki.