Da gaske ana mayar da jan ƙarfe zinariya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyya ne, amma hankalina a tashe yake. Yayana na shirin sayar da gonar gadonmu ya kai wa wani mutum mai cewa yana mayar da jan ƙarfe zinariya ta hanyar zaiba. A gabansa aka ƙona, zinariya ta fito. Wai sirrin Jabir ɗan Hayyan ne da Turawa suka ɓoye. Akwai ƙamshin gaskiya?

Amsa: Babu ko kaɗan, ɗana. Ka tara manya a tsayar da cinikin nan tun yau.

Ra'ayin da ake jingina wa Jabir, masanin haɗa sinadarai na zamanin da, shi ne duk ƙarafa daga zaiba da kibiritu (farar wuta) suka fito, awo ne kawai ya bambanta su. Ba wanda ya ɓoye shi, gwaji ne ya kayar da shi. Tun ƙarni na 11 Ibn Sina ya ce rini kawai masu wannan aiki ke yi wa ƙarfe. A 1808 masanin kimiyya Dalton ya bayyana cewa haɗa sinadarai sake jera ƙwayoyin zarra ne, ba ya sauya jinsinsu. Aikin wani masanin, Moseley, na 1913 ya tabbatar kowane sinadari da lambarsa, wato yawan ƙananan ƙwayoyin da ake kira furoton a cibiyar zarrarsa: jan ƙarfe 29, zinariya 79. Wutar zuga da asid a kan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da cibiyar zarra suke tsayawa, ba sa taɓa cibiyar. Ina mutumin nan zai samo furoton 50 ya cusa a cibiya? Masanin kimiyya Seaborg ya samar da zinariya daga wani ƙarfe mai suna bismut a Amurka a 1980 da injin harba ƙwayoyi, amma abin da ya samu ko ido ba ya gani.

Abin da ke ƙona mini rai, kullum dabarar ɗaya ce kuma kullum ana faɗawa. Zaiba tana haɗiye garin zinariya. Macucin ya riga ya narka 'yar kaɗan a ciki tun a gida. Da zafi ya kai digiri 357 a ma'aunin Celsius sai zaiba ta tashi hayaƙi, zinariyarsa ta rage a kasko, a yi ta kabbara. Da an kawo kuɗi masu yawa sai ya miƙa tagulla, wato jan ƙarfe da tutiya, mai launin zinariya.

Hayaƙin nan kuwa ba shi da wari. Huhu na zuƙe mafi yawansa, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kawo karkarwar hannu da mantuwa, ya illata ɗan tayi. A ɗaki rufe ake yi don "sirri", tururin ya kama bango da tufafi, yara su yi ta shaƙa. Idan yayanka ya tsaya a wurin kuma yana tari ko ciwon ƙirji, a kai shi asibiti, a faɗi ƙarara cewa zaiba ya shaƙa.

In ya ƙi ji, ku auna abin da aka ba shi. Giram 100 na tsantsar zinariya yana ɗaga ruwa kusan mililita 5 a kwalbar awo, tagulla kusan 12. Ko ku kai wa maƙerin zinariya ya goga a dutse ya ɗiga asid ɗinsa, zanen tagulla nan take zai narke.