Me ya hana manyan jirage zama a filin Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, arewacin Kamaru, nakan je Dubai sarin kaya sau uku a shekara. Kullum sai na bi ta Kusiri na ƙetara Njamena, ko in gangara Yawunde. Ga filin jirgin Garwa a kusa, an ce na ƙasa da ƙasa ne, amma in ba lokacin Hajji ba, ba ma ganin babban jirgi. Filin ne bai kai ba, ko hukuma ce ta hana?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Filin kam ya kai. Titin saukar Garwa ya haura kilomita 3, ya ma fi na Njamena tsawo, kuma jiragen da ke kwasar alhazai sun ishe mu shaida. Sai dai kamfanin jirgi ba titi yake aunawa ba, kujeru yake ƙirgawa.

Babban jirgi na ɗaukar mutum 250 zuwa 300. A ce zai zo sau uku a mako: kujeru kusan 900 ke nan na tafiya, wasu 900 na dawowa, kuma in uku cikin huɗu ba su cika ba, kamfani yana ji a aljihu. Ba mako ɗaya ba, kowane mako, rani da damina. Jirgin Hajji shata ne, an biya kuɗi tun kafin ya taso, shi ya sa bai zama ma'auni ba.

Sannan ba duk fasinja ne ɗaya ba. Ribar doguwar tafiya tana cikin 'yan kujerun gaba, inda tikiti ɗaya kan ninka na baya sau uku ko fiye. Masu zama can galibi ofis ne ke biya musu: ma'aikatan jakadanci, na kamfanonin mai, na Majalisar Ɗinkin Duniya. Njamena babban birnin Chadi ne, suna nan tari, shi ya sa Air France da Ethiopian da Turkish suka yi mata rubdugu. Mu 'yan kasuwa kuwa, kar ka ji haushi Alhaji, sai mun zaga ejan uku kafin mu yanki tikiti, sa'annan mu tsaya gaban sikeli muna roƙon a yafe mana kilo biyar.

Ga inda gizo ke saƙar. Ranar da ka sha ramukan hanyar Mora zuwa Dabanga, ka haye gadar Ngeli, ka miƙa fasfo a filin Hassan Jamus, a littafin kamfani kai fasinjan Njamena ne. Kuɗinka ya riga ya shiga hannunsu. To me zai sa su kawo jirgi ƙofar gidanka, su ɗauki sababbin ma'aikata, su biya kuɗin sauka, alhali kai kake kai kanka? Haka mutanen arewa ke tsiyaya: wasu Njamena, wasu Yawunde da Duwala, wasu ma Kano. Ɗan abin da ya rage kuma filin Garwa da na Marwa (Salak) ke ja-in-ja a kai, tsakaninsu kilomita 200 ne kawai ko ɗan fiye. An ɗaga Salak zuwa filin ƙasa da ƙasa a 2014, amma takarda ba ta haifar fasinja.

Da can Turawa masu zuwa kallon namun daji a Waza suna ƙara yawan masu sauka. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a yankin a 2013, wannan kasuwa ta watse.

Akwai ƙananan matsaloli da ke ƙara nauyi. Man jirgi daga kudu ake jigilarsa, layin dogo kuma a Ngaundare ya tsaya. Zafin Maris da Afrilu, in ya haura digiri 40, yakan tilasta wa jirgi rage kaya kafin ya iya tashi.

Hukuma tana da hannu, ba a musu. Jirgin waje ba ya sauka sai da yarjejeniya tsakanin ƙasashe, kuma Camair-Co, kamfanin jirgin saman Kamaru da ya fara aiki a 2011, cinikinsa na cikin gida ya dogara sosai ga kai mutanen arewa kudu. An amince da buɗe sararin Afirka a Yamusukuro a 1999, Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da shirin a 2018, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya.

A ganina, neman jirgin Dubai ko Faris kai tsaye ɓata lokaci ne. Abin da Garwa za ta iya samu shi ne matsakaicin jirgi mai kujeru 150 zuwa 180 da zai haɗa ta da babbar mahaɗa irin Adis Ababa, ko da zai biya ta Njamena. Kamfani kuwa lissafi yake ji. In ƙungiyoyinku na 'yan kasuwa da ejan-ejan na Umara suka tattara adadin tikitin da mutanen Garwa da Marwa da Ngaundare ke saya a wasu garuruwa cikin shekara, suka kai wa ADC mai kula da filayen, ita kuma ta yarda ta sassauta kuɗin sauka na shekarun farko, a nan ne za a fara sauraron ku.